Igiyar da Na Sa wa Ƙurun Malam Ilu

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Talatar da muka kayar da dokin Malam Ilu a ƙofar gidansa ba. Na yi shekara talatin da biyar ina malamin dabbobi, na ga abin takaici iri-iri, amma wannan ne kaɗai in ya faɗo mini ina cikin cin tuwo sai in tsame hannu. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka shigo aikin a bayanmu, musamman waɗanda ake turawa ƙauye. Kuma tun yanzu in gaya muku, har yau da fushina. Wanda ke jiran ya ji na ce komai ya wuce, sai ya yi haƙuri.

A lokacin ina mataki na bakwai a sashen kula da dabbobi na wata ƙaramar hukuma da ke arewacin Kano, ba sai na faɗi sunanta ba. Ga wanda bai san tsarin ba, akwai shugaban sashe a hedikwata, shi ke sa hannu a komai, tun daga takardar ɗaukar magani a sito har fom ɗin ƙarin girma. A ƙarƙashinsa akwai mu malaman dabbobi, kowa da gundumarsa. Aikinmu rigakafi, ba da maganin tsutsa, dandaƙa, wankin rauni, sai rahoton da ake rubutawa duk ƙarshen mako. Gundumata ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Gona manne take da gona har gindin katangar gida, burtalin da shanu ke bi a da tuni garma ta cinye shi. Akuya ma a ɗaure take cin damina.

Malam Ilu manomi ne, ɗan shekara hamsin da 'yan kai. Motar 'yan kasuwa ce ta kife da su suna dawowa daga cin kasuwar Tsanyawa, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ya koma tafiya da sandar hammata. Gonarsa ta gado tana hayin rafi, tafiyar kusan awa guda ga mai ƙafa biyu, ta wata siririyar hanya mai rairayi wadda keken guragu ba ya iya bi. Babur kuwa, ya rantse ba zai ƙara hawa abin da ke shan mai ba. Daminar farko bayan hatsarin, ƙaninsa Sale ne ya noma gonar. Da aka gama kaka sai dangi suka zauna, suka yanke cewa in ruwan shuka ya sauka Malam Ilu bai iya kai kansa gona ba, Sale ya ci gaba da riƙe ta, yana auna wa yayansa abin da zai ci. Duk ɗan ƙasar nan ya san inda irin wannan magana ke ƙarewa. Gonar da wani ya riƙe damina uku a jere, sai ka ji 'ya'yansa sun fara ce mata gonar babanmu.

Matarsa Kande ce ta ƙi yarda. Ita duk yankin an san ta da kiwon raguna, ragonta in ya fito kasuwar layya sai an taru a kansa. Ta sayar da na hannunta, ta tura wanta ya sayo wa mijinta jaki. Jakuna sun yi wuya, masu neman fata sun kwashe su, sai ya dawo mata da ƙuru, wato irin ƙaramin dokin nan da ko ya girma ba ya tsawo. Ɗan shekara uku ne, ja, a rame, kansa a ƙasa. Dillali ya rantse cewa ko jariri aka ɗora masa ba zai motsa ba. Gaskiya ya faɗa, don a ranar yunwa ba ta bar masa ƙarfin motsi ba.

Wata biyu a hannun Kande, doki ya murje, ya yi sheƙi, ya zama wani abu dabam. Ranar da Malam Ilu ya dogara sandarsa ya je zai shafa shi, sai ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya bangaje shi, mutum ya faɗi a kan dungulmin ƙafarsa har ya fashe da jini. Nan da nan gari ya ɗauka, dokin Ilu mai aljanu ne. Aka aiko mini in zo in dandaƙe shi, ko in ba da shawara a mayar da shi kasuwa. Wannan a farkon watan Maris ne, saura kamar wata uku ruwa ya sauka.

Da aka yi mini iso na shiga, sai na tarar da dokin a wani lungu bayan rumbu, an ɗaure shi gaba da baya, ko juyawa ba ya iya yi. Kominsa cike da jiƙaƙƙiyar dawa, ga dusa, ga kowar wake, ga kanwa. Na tambayi Kande sau nawa ake fita da shi.

"Fita ina, Malam?" ta ce. "Ai sai ya zabge. Wallahi ko ragon layya ban taɓa yi wa hidimar da nake yi masa ba."

Na ce mata, "To ai ga aljanun nan a cikin komi."

Ba laifinta ba ne, abin da ta iya ta yi, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi. Rago ana ɗaure shi ne a cika shi don ya tara kitse a yanka. Doki kuwa, in ka cika shi da hatsi ka hana shi motsi, ƙarfin nan ba shi da mafita sai ta kofato da haƙori. Wannan ba a makaranta na koya ba. Mahaifina ya riƙe goɗiya tsawon rayuwarsa, da ita yake zuwa kasuwa, a gindinta na tashi. A makaranta abu ɗaya aka koya mana game da doki, shi ne yadda ake kayar da shi.

Gyaran dokin bai dame ni ba kamar gyaran mai shi. Na sami Malam Ilu a zaure yana tufka igiya, sana'ar da ya koma yi tun da ya rasa ƙafa. Bai yi mini kwana-kwana ba.

"Malam Habu, ba zan ɓoye maka ba," ya ce. "Ko haniniyarsa na ji, dungulmin nan sai ya kama zugi. Mai ƙafa biyu in doki ya taso masa, gudu yake yi. Ni ina zan gudu?"

Na ce masa ba gudu zan koya masa ba, wurin tsayuwa zan nuna masa. Ya dube ni kamar mai shirin cewa wani abu, sai ya ce, "Allah ya sa."

Muka fara da abinci. Na yanke dawar gaba ɗaya, na bar harawa da busasshiyar ciyawa da ɗan dusa kaɗan. Kande ta yi fushi da ni har kwana uku ba ta amsa gaisuwata sosai, wai za mu kashe mata dabba da yunwa. A kwana na huɗu na ga tsabar dawa a kashin dokin, na ce mata wanda take ba wa a ɓoye ɗin ya kai ƙararta. Ta yi dariya ta daina. Na cire turken daga lungu, na kafa shi a ƙofar gida gindin darbejiya, inda zai riƙa ganin mutane da awaki da masu wucewa. Kullum bayan sallar asuba in zo in ja shi zuwa busasshen rafi, don nan ne kaɗai fili ya rage a garin, in sake masa doguwar igiya ya yi ta zagaye a cikin yashi har ya jiƙe da gumi. Ranar farko shi ya ja ni, a kan cikina, matan da ke tonon ruwa suka yi ta ƙyalƙyala har ɗaya ta zubar da tulunta.

Shi kuwa Malam Ilu, aikin da na ba shi da farko zama ne kawai. Aka kife masa turmi daidai inda igiyar dokin ta ƙare, ya zauna yana tufkarsa, kada ya kalle shi, kada ya miƙa hannu. Ruwa ma a gefensa ake ajiyewa, in doki na jin ƙishi sai dai ya zo kusa da shi ya sha. Duk bayan kwana biyu in matsar da turmin taki ɗaya ciki. Na ce ya riƙa yi masa magana a hankali, don mai jin tsoro ɗauke numfashi yake yi, kuma doki yana jin wannan. Ya ce to me zai ce wa doki? Na ce ko mene ne. Washegari na zo na ji yana kwatanta masa hanyar gona: "Mu fita ta gabas, mu wuce rijiya, mu bi gefen gonar Liman, mu gangara rafi, mu haura, ga tsamiya can, to daga tsamiyar nan har gambar kan iyaka tamu ce." Kullum wannan yake maimaitawa, safe da yamma.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. In Malam Ilu yana zaune, doki har kafaɗarsa yake shinshina, amma da ya yunƙura zai tashi sai dokin ya haukace. Kwana tara na yi kafin in gane, kuma na ji kunyar daɗewar. Ba mutumin yake tsoro ba, sandar yake tsoro. Na duba kuturinsa da kyau, ga tabon duka nan a kwance a ƙarƙashin gashi, tun daga hannun dillalai. Duk wanda ya taɓa nufo shi da itace a hannu, dukansa ya zo yi. Ga shi kuma Allah ya haɗa shi da ubangidan da ba ya iya tsayuwa sai da itace.

Sai muka riƙa kwantar da sandar a cikin komi, mu zuba harawa a kanta, in zai ci sai ya ture ta da hanci. Bayan mako guda muka riƙa shafa dusa a matashinta yana lasa. Daga nan Malam Ilu, yana zaune a turminsa, ya fara taɓa shi da ita a kafaɗa, a baya, a ciki, har ƙafafu. Sannan na nuna masa wurin tsayuwa: ba a gaba ba, ba a baya ba, a daidai kafaɗa, jiki manne da jiki, tafin hannu a kan wuya, ido a kan kunnuwa. Kunne a gaba, lafiya. Kunne a kwance baya, a dakata. Ranar da ya fara ɗora hannu yana tsaye, ina kallo daga nesa, bai janye ba.

Ba kullum ake samun ci gaba ba. Wata rana wani ya wuce da babur a guje, doki ya zabura, Malam Ilu ya zube a ƙasa. Ƙaninsa Sale na zaune a benci, don kusan kullum sai ya zo kallo. Ya taso ya ɗaga shi yana kakkaɓe masa riga, ya ce, "Yaya, ka bar wahalar da kanka haka. Ai ba za mu bar ka da yunwa ba." Ni da nake gefe, da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Da la'asar Malam Ilu ya sa aka mayar masa da turminsa wurin da yake.

A mako na bakwai ya hau. Ta dama yake hawa, daga kan turmi, tunda ƙafar da ake sawa a likkafa ta hagu babu ita. Na riƙe ragama muka zagaya darbejiya sau uku. A mako na takwas ya je rijiya ya dawo shi kaɗai, sandarsa rataye a sirdi, Kande na leƙe ta zaure tana share ido da bakin mayafi. Murna ta ɗebe ni, na zauna na rubuta komai a rahoton mako, shafi biyu cur. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Ranar Alhamis aka ce Oga na kirana a hedikwata. Shugaban sashenmu na lokacin mutum ne da ban taɓa ganin kashin dabba a takalminsa ba. Na shiga na gaishe shi, bai ce in zauna ba.

"Malam Habu, na ga a rahotonka kana da doki a gundumarka."

"E, ranka ya daɗe, ƙuru ne na wani bawan Allah mai ƙafa ɗaya."

"Madalla. An turo mana ɗalibai shida sanin makamar aiki. A littafinsu akwai kayar da doki, kuma ni zan sa hannu cewa sun gani. Ranar Talata muna zuwa. Ka ce wa mai shi hukuma za ta ba dokinsa maganin tsutsa kyauta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin tsutsa a dusa nake ba shi, a hannu yake lashewa. Wata biyu muka yi muna lallashin dabbar nan. In aka kayar da shi komai ya rushe, ga ruwa ya kusa, kuma gonar mutumin nan ce za ta tafi."

"Gona aikin sashen noma ne," ya ce. "Mu dabbobi muke yi."

Na ce a nuna musu da bijimi, ya ce doki aka rubuta. Na ce akwai masu dawaki a wata gunduma, ya ce da nisa. Sannan ya ce shi bai ma gane wanda ya ba ni izinin ɓata safiyar gwamnati ina yawo da doki a rafi ba. Ya jawo wata takarda daga cikin fayil ya ɗora hannu a kanta. Fom ɗina ne na ƙarin girma.

"Shekara nawa ka yi a mataki na bakwai?"

"Shida, ranka ya daɗe."

"To," ya ce. "Sai Talata."

A hanyar komawa na yi ta gaya wa kaina cewa in ban yi ba, zai kwaso 'yan ƙwadagon mahauta su karya wa dabba ƙafa, gara ni da na san jikinsa. Wannan gaskiya ne. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, fom ɗin nan ma yana raina. Na je na gaya wa Malam Ilu manya za su zo da ɗalibai su ba doki magani, za a ɗan sa masa igiya. Ban ce kayarwa ba. Ya ce, "Tunda kai ne za ka yi, Malam Habu, ai ba komai."

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Ana ninka doguwar igiya biyu, a yi zarge a wuya yadda ba zai shaƙe ba, a bi da bakunan biyu ta tsakanin ƙafafun gaba, a zagayo da su ta saman kofaton ƙafafun baya, a dawo da su cikin zargen. Mutane su ja ta kowane gefe, ƙafafun baya su shige ƙarƙashin ciki, dabba ta zauna, a tura ta ta kwanta. Yana da amfaninsa in za a yi fiɗa ko ɗinkin babban rauni. Ba a yi wa dabbar da ke tsayawa don kanta.

Da hantsi suka iso a motar ofis, rabin gari ya taru. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne, cik ya tsaya na sa masa igiyar. Ni na koya masa kada ya ji tsoron igiya a ƙafa. Ina ɗaurawa yana cusa hanci a aljihuna yana neman gyaɗar da na saba zuwa masa da ita. Oga ya ce a ja, muka ja. Ya faɗi da wani irin nishi da ban taɓa jin doki ya yi ba. Mutum biyu suka danne masa kai, Oga ya tsaya daga nesa yana nuni da biro yana bayani, ɗalibai na ɗauka a waya, dabba na numfashi sama-sama, farin idonsa duk a waje. Na waiwaya na ga Malam Ilu a kan turminsa, igiyar da yake tufka ta faɗi ƙasa, ni yake kallo.

Aka ɗura maganin da ko buƙatarsa babu. Mun fara sassautawa ke nan sai Oga ya ce, "Ku dakata. In ya tashi a sake, wasu ba su ɗauka da kyau ba."

Na saki igiyar da ke hannuna na ce, "Wallahi ba da hannuna ba."

Wannan shi ne kuskurena na biyu, don ƙin da ya kamata in yi a ofis ranar Alhamis sai na yi shi a mafi munin lokaci. Gefena ya saki, ɗaya gefen na ja. Doki ya yunƙura ya watsar da masu danne shi, ya miƙe da igiya nannaɗe a ƙafar baya, bakinta kuma na cikin zargen wuya. Duk harbin da ya yi sai ya fizgi wuyansa, sai ya ƙara haukacewa. Igiyar ta ci fata, jini na bin kofato. Kowa ya watse. Oga ya riga kowa shiga mota, har da ɗaga gilashi. Sale ya hau kan benci yana ɗaga murya: "Ga abin da nake faɗa! Wannan ne zai kai gurgu gona?"

Na san in aka bar shi minti biyar zai karya ƙafar da kansa. Na nufe shi ta kafaɗa ina kiransa da muryar da ya sani. Ya kwantar da kunnuwa ya taso mini, ya kama ni a damtse ya jefar. Tabon na nan, duk wanda ya so in nuna masa.

Ina ƙasa na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandar Malam Ilu. Kande ta yi ƙara daga zaure, "Malam, don girman Allah ka dawo!" Bai waiwaya ba. Ya bi ta gefe, a hankali, daidai kafaɗa, yana magana da murya mai rawa: "Mu fita ta gabas, mu wuce rijiya." Doki na tsuma, yana buga ƙafa. "Mu bi gefen gonar Liman." Kunne ɗaya ya juyo. "Mu gangara rafi, mu haura." Ya isa, ya ɗora tafin hannu a wuya, ya jingina da shi. Ya daɗe a haka yana maimaita hanyar daga farko, har muryarsa ta daina rawa.

Sai ya yi abin da ni ban koya masa ba, kuma da ya tambaye ni da na hana shi. Ya saki sandar ta faɗi. Ya bi bayan dokin da hannu har kuturi, ya gangara da shi cinya, ya durƙusa a kan gwiwarsa da dungulminsa a gindin ƙafar baya, wurin da ko mai ƙafa biyu ba ya so ya tsaya. Harbi ɗaya ya isa ya fasa masa kai, kuma ba shi da halin ja da baya. Ya kama igiyar yana warwarewa zagaye ɗaya bayan ɗaya, da yatsun da suka saba da igiya. Da ya zo na ƙarshe, dokin da kansa ya ɗaga masa ƙafar. Ya ja jiki ya dawo gaba, ya rungumi wuyansa, doki ya ɗaga kai, Malam Ilu ya miƙe tare da shi.

Sai ga ƙarar gilashin mota na sauka. Oga ya leƙo ya ce wa ɗalibai, "Kun gani ko? Amfanin kayarwa ke nan. Yanzu ga shi ya yi laushi, har nakasasshe na iya riƙe shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba, jini na bin hannuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya kake yi." A gaban ɗalibai, a gaban mai unguwa, a gaban kowa. Na juya na ce wa ɗaliban su rubuta a littafinsu cewa sun ga an zalunci dabba mai lafiya, kuma malamin dabbobi ne ya ɗaura igiyar. Kwana biyu bayan nan takardar tuhuma ta same ni, bayan mako uku ta canjin wurin aiki ta biyo, zuwa gunduma mafi nisa. Fom ɗin da na sayar da amanar mutum saboda shi, Oga bai sa masa hannu ba. A rahotonsa kuwa ya rubuta cewa an gudanar da darasi cikin nasara.

Raunin ƙafar dokin ya ɗauki mako biyu. Malam Ilu ne ya yi jinyarsa, don ni ko inuwata dokin ya gani sai ya kwantar da kunne. Nakan tsaya can bakin hanya ina ɗaga murya, wanke da ruwan gishiri, shafa wannan, kada ka ɗaure da ƙarfi. Ban taɓa jin ƙasƙanci a aiki irin na tsayuwar nan ba, kuma na san ni na saya wa kaina.

Ruwan shuka ya sauka ana saura kwana huɗu in bar garin. Da sassafe na bi su a ƙafa daga nesa, Malam Ilu a kan doki, Kande a baya da ƙwaryar iri a ka. Suka wuce rijiya, suka bi gefen gonar Liman, suka gangara rafi suka haura. Can da rana ta ɗan ɗaga sai ga Sale da sungumi a kafaɗa da nasa irin, ya zo shuka. Ya tarar da ƙuru ɗaure a gindin tsamiya, yayansa da sanda a hammata ɗaya, sungumi a ɗaya hannun, yana sara Kande na binsa tana zuba iri, har sun yi layi biyu. Sale ya dubi layukan. Sannan ya ce, "Sannu da aiki, Yaya," ya juya da irinsa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. A aikin nan an fi koya mana yadda za mu fi ƙarfin dabba, ba a koya mana yadda za ta yarda da mu ba, alhali na biyun shi ne aikin. Kuma babu dabbar da ke tsaye ita kaɗai a turke, kowace akwai rayuwar wani a ɗaure da ita, ko da wani mai biro ya ce wannan aikin wani sashe ne. Za ku haɗu da irin Ogan nan, suna nan ba su ƙare ba. In za ku ce masa a'a, ku faɗa a ofis, tun igiya ba ta hau wuya ba.

Bara, bayan na yi ritaya, na shiga motar haya na je garin takanas. Gonar na hannun Malam Ilu, ƙurun na nan gindin darbejiya, ya manyanta, jikokin gidan har ta ƙarƙashin cikinsa suke wucewa. Na sayi gyaɗa a tasha na cika aljihu. Bayan mun gaisa na tashi na nufe shi ta kafaɗa, na miƙa hannu. Ya shinshina sau ɗaya, ya kwantar da kunnuwa, ya zagaya turke ya koma bayan ubangidansa ya tsaya.

Malam Ilu ya shafa wuyansa, ya ce, "Ni dai na yafe maka tun a ranar, Malam Habu. Shi dokin ne na kasa sa shi."

Na zube gyaɗar a kan turmi, na yi musu sallama.